Yadda Ake Sa Harsashin Dalma Ya Faɗa Wuri Guda

Gabatarwa

Ranar 26 ga watan Satumba na shekarar 1874, dubban mutane suka yi cincirindo a wani fili da ake kira Creedmoor, a tsibirin Long Island kusa da birnin New York na ƙasar Amurka, domin kallon gasar harbi tsakanin Amurka da Ailan. Kowane ɓangare ya tsayar da gwanaye shida. Kowane gwani zai yi harbi 15 daga nisan yadi 800, da 15 daga yadi 900, da kuma wasu 15 daga yadi 1,000, wato kimanin mita 914. Abin da ake bara wani allo ne na ƙarfe mai tsayin ƙafa 6 da faɗin ƙafa 12, a tsakiyarsa an shafa baƙin murabba'i mai ƙafa 3 a kowane gefe. Duk wanda ya sami baƙin nan yana da maki huɗu.

Mutanen Ailan ba kanwar lasa ba ne, domin a shekarar 1873 su suka lashe garkuwar Elcho a Wimbledon, suka kayar da Ingila da Sukotlan. Sun zo da bindigogin da ake ɗurawa ta baki, ƙirar kamfanin Rigby na birnin Dublin, waɗanda a wancan zamani aka yi ittifaƙin babu kamarsu wajen harbin nesa. Amurkawa kuwa suka fito da sababbin bindigogi ƙirar Remington da Sharps, waɗanda ake sa wa harsashi ta baya. Da aka zo ƙarshen gasa, Ailan tana da maki 931, Amurka tana da 930, saura harsashi ɗaya tak a hannun Kanar John Bodine. Ya kwanta, ya auna, ya taɓa kunama, harsashi ya faɗa cikin baƙin. Amurka ta ci da maki 934. Daɗin daɗawa, tun da farko wani ɗan Ailan ya kuskure ya harbi tsakiyar allon da ba nasa ba, aka hana shi maki huɗu, waɗanda da sun juya sakamakon.

Abin tambaya ga ɗalibin kimiyya shi ne: ta yaya ɗan guntun dalma mai nauyin giram 35, wanda baƙin albarushi ya ingiza, zai yi tafiyar da ta kusa kilomita guda, sa'an nan ya sauka cikin fili mai faɗin ƙafa 3, a kuma maimaita haka sau da dama? Amsar a taƙaice ita ce daidaito. Tilas ne kowane harsashi ya zama tamkar tagwayen ɗan'uwansa a nauyi da siffa da gudu. Wannan maƙala za ta bi wuraren da bambanci yake kutsowa, da dabarun da maharba suke bi su toshe su.

Bindigar da Harsashinta

Baƙin albarushi ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindigar sarki ranar hawan Salla, ko ya ga maharbi yana ɗura adaka. Haɗi ne na sinadarin fotashiyam naitiret kashi 75 cikin ɗari, da gawayi kashi 15, da farar wuta kashi 10. A bindigar ɗuri ta baki ana zuba albarushi daban, a tura harsashi daban. A wajen shekarun 1860 aka fara haɗa kome a wuri guda cikin kwanso na tagulla: 'yar hular tartsatsi a gindi, albarushi a ciki, dalma a baki. Da kunama ta saki guduma sai hular ta yi tartsatsi, albarushi ya kama, iskar gas mai zafi ta kumbura ta tura dalmar waje.

Mafi shahara a cikin irin waɗannan harsasai shi ne wanda sojan Amurka suka karɓa a shekarar 1873, ana ce masa .45-70. Lamba ta farko tana nufin kaurin harsashi, kashi 45 cikin ɗari na inci, wato milimita 11 da rabi. Ta biyu kuwa nauyin albarushi ce, giren 70. Giren tsohon ma'auni ne da aka samo daga nauyin ƙwayar sha'ir guda, daidai yake da giram 0.0648. Ke nan giren 70 ya kama giram 4 da rabi. Dalmar da aka fara sa masa giren 405 ce, kimanin giram 26, daga baya aka ƙara ta zuwa giren 500. Sojan Birtaniya su ma sun riƙe irin wannan bindiga, Martini-Henry, tun daga 1871.

Zamanin waɗannan bindigogi bai yi tsawo ba. A shekarar 1884 wani masanin sinadarai Bafaranshe, Paul Vieille, ya ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi, a 1886 kuma Faransa ta fito da bindigar Lebel mai amfani da shi. Cikin 'yan shekaru rundunonin duniya suka yi watsi da baƙin albarushi. Duk da haka tsofaffin bindigogin ba su mutu ba. Kamfanoni irin su Shiloh a jihar Montana da Pedersoli a Italiya sun ci gaba da ƙera kwafinsu, ana kuma gasa da su a wurare irin su Raton a jihar New Mexico, inda ake harbin siffofin dabbobi na ƙarfe: kaji a mita 200, aladu a 300, talotalo a 385, raguna a 500. Galibin masu wannan gasa da hannunsu suke zuba dalma su ɗura kwanso, kamar yadda magabatansu na Creedmoor suka yi.

Sakan Uku a Cikin Iska

Harsashin baƙin albarushi mai nawa ne. Yana barin bakin bindiga da gudun mita 370 zuwa 410 a sakan, alhali na bindigar soja ta zamani yana ninka haka sau biyu ko fiye. Saboda iska tana rage masa gudu, yakan ɗauki kimanin sakan uku kafin ya kai yadi 1,000. A duk tsawon wannan lokaci ƙasa tana janyo shi.

Ɗaliban fiziks sun san cewa nisan da abu yake faɗuwa daidai yake da 4.9 sau lokaci sau lokaci. Idan aka yi watsi da tasirin iska a kan faɗuwar, a sakan 3 harsashi zai sauka da mita 44.1 ƙasa da inda bututun bindiga ya nuna. Shi ya sa maharbi yake ɗaga bakin bindiga, harsashi ya yi sama fiye da mita 10 a tsakiyar hanya, sa'an nan ya gangaro kan allo. To, a ce harsashi na biyu ya ɗan yi nawa, ya ɗauki sakan 3.03. Bambancin kashi ɗaya ne cikin ɗari kurum, amma lissafi zai ba da mita 45.0. Tazarar da ke tsakanin biyun ta kusa santimita 90, wato daidai da faɗin baƙin murabba'in Creedmoor gaba ɗaya. Maharbin bai yi kuskuren kome ba, hannunsa bai girgiza ba, amma harsashinsa ya faɗa ƙasa da inda ake so.

Iskar da ke kaɗawa daga gefe ita ma tana da nata lissafin, wanda wani hafsan Faransa, Isidore Didion, ya fitar a ƙarni na 19. A ɗauki lokacin da harsashi ya ɓata a hanya, a debe lokacin da zai ɗauka da babu iskar da ke tare shi, sai a ninka ragowar da gudun iskar gefe. Alal misali, harsashi mai gudun mita 380 a sakan zai yi mita 914 cikin sakan 2.4 in babu abin da ya tare shi. Tun da sakan 3 ya ɗauka, ragowar 0.6 ce. Iska mai gudun mita 4 a sakan, wadda ba ta wuce ta kaɗa ganye ba, za ta kauda shi da mita 2.4. Maharbi ba shi da iko a kan iska, sai dai ya karance ta daga tutoci da rawar ƙawalwalniya. Abin da ke hannunsa shi ne harsashi, don haka a nan yake zuba dukkan ƙoƙarinsa.

Zubin Dalma

Dalma tana narkewa a digiri 327 na ma'aunin Salshiyas, zafin da ƙaramar tukunyar ƙarfe take iya kaiwa. Tana da nauyi ƙwarai, domin ta ninka ruwa sau 11 da ɗoriya, kuma tana da taushi har farce yana yi mata zane. Ba a cika amfani da ita zalla ba. Akan gauraya ta da kuza, ƙarfen nan da aka daɗe ana haƙa a tsaunukan Jos, kashi ɗaya na kuza cikin 20 ko 30 na dalma. Kuza tana da amfani biyu. Na farko, tana sa narkakkiyar dalma ta gudana sosai ta cika kowane lungu na mazubi. Na biyu, tana ƙara tauri: a ma'aunin Brinell dalma zalla tana wajen 5, haɗin ɗaya cikin 20 kuwa yana kaiwa wajen 10.

Samun taurin da ya dace shi ne aiki na farko. Lokacin da albarushi ya kama, matsin gas yana bugun gindin harsashi tun kafin kansa ya motsa, sai dalmar ta ɗan kumbura ta toshe bututu. Wannan kumburi abin so ne, domin yana hana gas tserewa ta gefe. Idan dalma ta cika tauri ba za ta kumbura ba, gas mai zafi zai kurɗa ta gefenta ya ɓantare ta, ya shafe cikin bututu da dalma. Idan kuma ta cika taushi, dogon hancin harsashi zai lotse ya karkace saboda ƙarfin turi. Haka kuma maharbi yakan tura ɗan curin dalma mai taushi cikin bututun bindigarsa, ya fitar ya auna, don ya san ainihin faɗinsa. Daga nan sai ya nemi harsashin da ya yi daidai da wannan faɗi ko ya ɗara shi da kashi ɗaya cikin dubu na inci, wato milimita 0.025, abin da bai kai kaurin gashin kai ba.

Shi kansa zubin yana bukatar natsuwa. Mazubi mai sanyi yana fitar da harsashi mai tamoji da gefuna marasa kaifi. Wanda ya yi zafi da yawa yana fitar da mai dusasshen launi, kuma nauyi yana sauyawa tare da zafin. Saboda haka gwanaye sukan tsayar da zafin tukunya wuri guda, su riƙa zubawa da ludayi a kan ƙa'ida ɗaya, su ƙirga sakan nawa dalma take yi kafin a buɗe mazubi. Bayan an gama sai a ɗora kowane harsashi a kan sikeli. Wanda ya kauce wa 'yan'uwansa da fiye da rabin giren ko giren guda akan mayar da shi tukunya. A harsashi mai giren 500 wannan bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu ba. Dalilin wannan tsanani zai bayyana idan aka dubi yadda harsashi yake juyawa.

Tsagin Bututu da Juyawar Harsashi

A cikin bututun bindigar harbin nesa akwai tsage-tsage da aka yanka suna murɗawa kamar igiya. Harsashi yana kama su, sai ya fito yana juyawa. Yaron da ya taɓa murza katantanwa ya san cewa muddin tana juyawa da sauri tana tsaye a kan tsininta, da ta rage gudu sai ta fara tangaɗi. Haka dogon harsashi yake: juyawa ce take sa hancinsa ya ci gaba da fuskantar gaba. Tun a shekarar 1742 Benjamin Robins na Ingila ya auna gudun harsashi da wani lilo mai nauyi, ya kuma nuna yadda iska take tare shi ƙwarai.

A shekarar 1879 wani malamin lissafi, Alfred George Greenhill, ya fitar da ƙa'ida mai sauƙi ga harsashin dalma: a ninka kaurin harsashi da kansa, a ninka da 150, a raba da tsawonsa, duka a ma'aunin inci. Abin da ya fito shi ne tsawon bututun da ya kamata tsagi ya yi zagaye guda a cikinsa. Harsashi mai kaurin inci 0.458 da tsawon inci 1.4 yana ba da inci 22 da rabi. Bindigar Springfield ta sojan Amurka kuwa zagaye ɗaya take yi a inci 22. Masu gasar nesa, waɗanda suke son harsashi mafi tsawo, sukan zaɓi zagaye ɗaya a inci 18 ko 16.

A bututu mai zagaye ɗaya a inci 18, harsashi mai gudun mita 366 a sakan yana juyawa sau 800 a kowane sakan, wato sau 48,000 a minti. A irin wannan gudu ƙaramin aibi yana zama babba. A ce wani ɗan kumfan iska ya maƙale a gefe guda na dalma lokacin zubi, ya kauda cibiyar nauyinta da milimita 0.025. A cikin bututu babu inda harsashi zai je, dole cibiyar nauyin ta riƙa zagayawa. Da ya fita sai ta fice ta gefe, kamar dutsen da aka saki daga majajjawa. Lissafi ya nuna karkatar ta kai santimita 3 da ɗoriya a kowace mita 100, kimanin santimita 30 ke nan a yadi 1,000. Ido ba ya ganin kumfan da ke cikin dalma, amma sikeli yana tona shi, tun da harsashi mai rami a ciki ya fi 'yan'uwansa sauƙi.

Wani likita Ba'amurke, Franklin W. Mann, ya shafe shekaru masu yawa yana gwaji a kan wannan al'amari, ya wallafa sakamakonsa a 1909. Yakan lahanta harsasai da gangan ya harba su ya ga abin da zai faru. Ya gano cewa lahani a gindin harsashi ya fi lahani a hancinsa ɓarna. Idan gindin ya karkace, gefe ɗaya yana riga ɗaya fita daga bakin bututu, gas ya fashe ta wannan gefe ya ture harsashin. Don haka maharba suke kula da gindin harsashi kamar ƙwai, ba sa bari ya faɗi ƙasa ko ya bugi ɗan'uwansa.

Albarushi da Dauɗarsa

Baƙin albarushi ƙwayoyi-ƙwayoyi ne, kuma kowace ƙwaya daga bayanta take ci zuwa ciki. Ƙanana suna da fili mai yawa idan aka kwatanta da nauyinsu, sai su ƙone da sauri, manya kuwa su ƙone a hankali. Akan rarraba su da alamomin Fg da FFg da FFFg, daga manya zuwa ƙanana, manyan harsasai kuma sun fi dacewa da biyun farko. Gawayin da aka yi amfani da shi yana da tasiri babba. Masana'antu sun fi son na itatuwa marasa nauyi irin su wilo da alda, waɗanda ƙwayoyin halittarsu suke barin ramuka masu yawa bayan an ƙona su. Tun da itace abu ne mai rai, kuma babu bishiyoyi biyu da suke daidai, albarushin da masana'anta guda ta yi a lokuta biyu yana iya bambanta. Mai gasa yakan sayi mai yawa daga haɗi guda, in ya ƙare ya sake gwaji daga farko.

Babbar matsalar baƙin albarushi ita ce dauɗa. A shekarun 1870 Andrew Noble da Frederick Abel na Birtaniya suka ƙona shi a cikin rufaffen tulun ƙarfe, suka gano cewa fiye da rabin nauyinsa ba ya zama gas, daskararren abu yake zama, galibi gishirin fotashiyam iri-iri. Ke nan kowane harbi na giram 4 da rabi yana haifar da kusan giram 2 da rabi na toka. Mafi yawanta tana fita a matsayin farin hayaƙi, sauran ta manne a bututu. Idan ta bushe ta yi tauri, harsashi na gaba zai tarar da hanya ta ƙuntata, gudunsa ya sauya, jikinsa ya kurje.

Maganin farko shi ne maiƙo. Ana zuba harsashi da wasu kwaruruka kewaye da jikinsa, a cika su da haɗin kakin zuma da kitse ko man tsirrai. Maharba sun lura cewa man da aka samo daga fetur yana haɗuwa da tokar ya zama kwalta mai tauri, na dabba da na tsiro kuwa yana barin ta da laushi. Magani na biyu ya dogara da jikin ɗan Adam. Iskar da ke fitowa daga huhu tana da ɗumi, kuma cike take da tururin ruwa. Tokar albarushi kuwa mai shan danshi ce. Sai maharbi ya sa ɗan bututu a gindin bindiga ya hura numfashi 'yan lokuta bayan kowane harbi, tokar ta jiƙe ta yi laushi. A ranar da iska ta bushe ƙayau, irin ta hunturu, numfashi ba ya isa, sai an goge bututun da jiƙaƙƙen ƙyalle. Amurkawan Creedmoor, waɗanda suke naɗe harsashinsu da siririyar takarda, goge bututu suke yi bayan kowane harbi, kuma buɗewar bindigarsu ta baya ta sauƙaƙa musu wannan aiki. Manufar duka ɗaya ce, wato harsashi na goma ya tarar da bututu yadda na farko ya tarar da shi.

Ɗura Kwanso

Wajen ɗuri, ana auna albarushi a sikeli, a zuba shi sannu a hankali ta wani dogon bututu mai tsawon santimita 60 zuwa 90, don ƙwayoyin su zauna su cike gurabe, kamar yadda ake girgiza mudu hatsi ya kwanta. Sai a ɗora ɗan faifan kwali a kai, wanda yake kare gindin harsashi daga zafi, a ɗan danna albarushin da 'yan milimitoci. Yawan dannawar yana sauya yadda wuta take ratsa ƙwayoyin, saboda haka tilas ya zama iri ɗaya a kowane kwanso. Ba a barin sarari tsakanin albarushi da harsashi, domin hakan yana iya kumbura bututu. Haɗari mafi girma shi ne zuba albarushi marar hayaƙi a madadin baƙi, don matsinsa yana iya tarwatsa tsohuwar bindiga a fuskar mai ita.

Shi ma kwanso yana da nasa hali. Tagulla tana ƙara tauri duk lokacin da aka lanƙwasa ta ko aka miƙe ta, sai wuyan kwanson da aka yi ta amfani da shi ya riƙe harsashi da ƙarfin da ya bambanta da na sabo. Akan gasa wuyan kaɗan don ya koma da laushi. Akan wanke kwanso da ruwan sabulu da zarar an harba, don toka tana cin tagulla. Wasu maharba har alama suke yi wa harsashi, su riƙa sa shi cikin bindiga ta fuska guda kullum, ta yadda in mazubi yana da ɗan aibi, aibin zai kauda dukkan harsasai zuwa wuri guda.

Gwaji Irin na Masana

Babu littafin da zai faɗa wa mutum haɗin da ya fi dacewa da bindigarsa, domin bututu biyu daga masana'anta guda suna iya son abu daban. Sai an gwada. Ƙa'idar gwajin ita ce wadda ake koyarwa a ɗakin binciken kimiyya: a sauya abu ɗaya, a riƙe sauran yadda suke, a rubuta kome. Wanda ya sauya taurin dalma da nauyin albarushi a rana ɗaya, ko da sakamako ya yi kyau, bai san wanne ya gyara ba.

Ana amfani da na'urar auna gudu, a harba goma, a fitar da matsakaici, a kuma lissafa yadda kowanne ya kauce masa. Haɗi mai kyau ba ya wuce kaucewar mita 2 ko 3 a sakan. Sa'an nan a dubi ramukan da ke jikin takarda. Ana auna warwatsuwarsu da mintin kusurwa, wato kashi ɗaya cikin 60 na digiri, wanda ya kama santimita 2.9 a mita 100. Bindiga mai kyau da harsashi mai kyau suna iya tara ramuka cikin minti ɗaya zuwa biyu. Siffar ramukan ita ma tana magana. In sun jeru daga sama zuwa ƙasa, akan zargi bambancin gudu ko taruwar dauɗa. In sun jeru daga hagu zuwa dama, galibi iska ce. Rami mai tsawo maimakon zagayayye yana nuna harsashi ya shiga a karkace, juyawarsa ba ta isa ba. Guda ɗaya da ya ware shi kaɗai kuwa yakan zama mai kumfa ko mai lahanin gindi.

Tarkon da ya fi kama masu gwaji shi ne ƙarancin samfuri. Harsashi uku suna iya haɗuwa wuri guda bisa sa'a kawai, kamar yadda tsirrai uku ba sa isa a yanke hukunci a kan ingancin taki. Ana bukatar goma ko fiye, a kuma maimaita a wata rana. Bugu da ƙari, idan aka harba haɗi na farko da safe, na biyu da rana tsaka, zafi da iska da haske sun riga sun sauya. Gyaran shi ne a cuɗanya su, a harba ɗaya daga nan ɗaya daga can. Wannan dabara ta maimaitawa da cuɗanya jeri ita ce Ronald Fisher ya kafa wa binciken noma a Rothamsted ta Ingila a shekarun 1920.

Abin da Dalma Take Bari a Baya

Ingancin waɗannan bindigogi ya zo da hasara mai yawa. A shekarun 1870 da farkon 1880 masu farautar fata suka yi amfani da bindigogin Sharps da Remington suka karkashe ɓaunar Amurka daga nesa, inda garke ba ya gane daga ina mutuwa take zuwa. Dabbar da a da ake ƙiyasta ta da miliyoyi gommai, a shekarar 1889 masanin dabbobi William Hornaday ya ƙirga saura kimanin dubu ɗaya.

Ita kanta dalma guba ce. A jiki tana kwaikwayon sinadarin kalsiyam, ta taru a ƙashi, ta hana wasu sinadaran jiki ƙera jan launin jini, ta kuma lalata ƙwaƙwalwar yara masu tasowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ba a san wani adadi na dalma a jini da ba shi da illa ba. A shekarar 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan jihar Zamfara saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Masu zubin harsashi sukan yi aikinsu a wuri mai iska, ba sa ci ko sha a wurin, suna wanke hannu, ba sa barin yara kusa. Suna kuma nesanta ruwa daga tukunya, don ɗigon da ya nutse cikin narkakkiyar dalma yana zama tururi nan take ya watsa ta. Tsuntsaye masu cin mushe su ma suna haɗiye ɓarɓashin harsashi su mutu, abin da ya sa jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya daga shekarar 2019. A Nijeriya kuwa doka ta haramta mallakar bindiga ko harsashi ba tare da lasisi ba.

Kammalawa

Malami yana iya nuna wa ɗalibai dukkan wannan darasi ba tare da bindiga ko albarushi ba. A jingina rula mai kwari a tsakiya a kan littattafai a bakin tebur, a shimfiɗa farar takarda a ƙasa, a ɗora takardar kabon a kanta. A saki ƙwallon boris daga wuri guda sau goma, ya gangaro ya tsallake tebur ya faɗa kan takarda. Ɗalibai za su ga cewa alamomin ba su faɗa wuri ɗaya ba, sai su auna warwatsuwar da santimita. Daga nan a matsar da wurin sakin da milimita 5, ko a shafa wa rular ƙura, ko a kawo ƙwallo mai lahani, abu ɗaya a kowane zagaye, a rubuta sakamako cikin jadawali. A ƙarshe kowane rukuni ya faɗi abin da ya fi ƙara warwatsuwa, da kuma yawan sakin da ya bukata kafin ya amince da amsarsa.